Gyaɗar da ke Aljihun Nomau

Daga Baffanka Sule, a Dogo, zuwa ga Tahiru ɗan ƙanena, a Yamai.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Ina gaishe ka gaisuwar uba ga ɗa, da fatan wannan takarda ta same ka lafiya, kai da iyalinka. Allah Ya ƙara tsare ku, Ya albarkaci aikinka, Ya jiƙan mahaifinka. Malam Suma'ila limaminmu ne ke rubutawa da ajami, ni ina faɗa, na kuma hana shi sassauta ko da kalma ɗaya. Kada ka ce ajami ya ɓace maka. Ni na kai ka makarantar allo a kafaɗata tun kafin Nasara su ɗauke ka zuwa lakwal, makarantarsu ta boko.

Zan fara da ƙorafina, don ya daɗe a cikina har ya yi saiwa. Shekarun nan ina aika maka da tambaya guda, kai kuma kana aiko mini da sukari. Na aika ta bakin Mala mai sayen gyaɗa, ya dawo da sukari da shayi. Na aika ta bakin mijin Larai, ya dawo da hula, ya ce ka ce aiki ya yi maka yawa. Hular tana nan a rataye, ban sa ta ba. Tahiru, ni ban roƙe ka hula ba.

Mu dai nan sai godiya. Ruwa ya sauka da kyau, gero ya yi tsayi, gyaɗa ta rufe ƙasa. Tani ta haihu, namiji, suna lafiya. An ce ƙasa ta samu mulkin kanta, samari sun je Damagaram sun dawo da 'yan tutoci, Allah Ya sa alheri ne. Amma matata Fatsuma, wadda ta goya ka lokacin da mahaifiyarka ke ciwo, jikinta ya ƙi. Idonta ya rufe, ba ta fita ko ƙofar ɗaki. Saboda ita na ce yau sai an rubuta.

Bari in tuna maka, ko Yamai ta mantar da kai. Lokacin da kake koyarwa a Damagaram ka zo har gida ka ce kun shirya wasa da samarin gari, wai teyatur, ka ce lalle sai na zo. Na ce maka ni ban san teyatur ba. Ka ce ai wannan ne daidai da wanda bai taɓa gani ba, akwai waƙa, akwai dariya, kuma kamar wasan kara ne da muke yi bayan girbi. Da wannan maganar ka same ni, don wasan kara na san shi. Ina saurayi ni nake fitowa a matsayin tafintan kumandan, Baturen mulki. Sai in bi mutumin a kasuwa in ga yadda yake tari, yadda yake jan ƙafa, yadda yake cewa abu. Kuma doka ɗaya muke da ita: ba ka sa wa mutum a baki abin da bai faɗa ba. In ka ƙara ko gishiri, 'yan kallo za su yi maka ihu, su ce ƙarya kake yi, mu ma mun san shi. Abin da ido ya gani shi ake kwaikwaya. Da wannan sanin na hau motar gyaɗa na tafi. A wannan zuwan naka gida ne kuma ka roƙi Fatsuma malfar yaron nan, ka ce aro ne.

Ka san wanda nake nufi. Ɗana ne na fari, bakina bai saba da sunansa ba, Malam zai rubuta maka shi: Nomau. An ɗauke shi soja a shekarar da yaƙin Nasara ya tashi, kana ƙarami. Waɗansu sun dawo, waɗansu an kawo labarin mutuwarsu. Shi ba ko ɗaya. Na yi sawu a biro, ofishin kumandan, har ƙafata ta san hanyar da kanta, abin da suke cewa dai shi ne ba a san inda yake ba.

Aka zaunar da ni a benci a filin lakwal bayan la'asar, an kewaye wurin da zana. Wasan farko na yi dariya, ba zan ɓoye ba, wannan na falke da jakinsa da ya ƙi tsallake rafi, da 'yan mata masu amshi. Sai aka kaɗa ganga a hankali, wani ya fito daga bayan zana da malfar a kansa, kafaɗarsa ta hagu a sauke. Tahiru, tafiyar yaron nan ce sak. Na ce a raina, to, tafiyar dai Tahiru ya san ta, shi ya koya masa. Aka nuna an ɗebe shi soja, aka nuna jirgin ruwa da aka yi da tabarmi, aka nuna ƙasar sanyi. Har nan ina riƙe da kaina. Sai ya faɗi. Abokinsa ya tallafo kansa, shi kuma ya sa hannu a aljihu ya fito da 'yan ƙwayoyin gyaɗa. Ya ce babansa ne ya ba shi a bakin gona ranar da zai tafi, yunwa ta sha kama shi amma bai ci ba, don iri ne, ya so ya shuka in ya koma gida. Ya ce a gaya wa babansa irin yana nan.

Yanzu ka saurare ni da kyau. Ranar da aka tafi da shi, na raka shi har gindin gawon da ke gabashin gonarmu. Daga ni sai shi. Kunya ta hana ni magana, ban san me uba ke ce wa ɗan fari ba. Na sa hannu a taikin iri da ke kafaɗata, na ɗebo gyaɗa na zuba masa a aljihu, na juya. Ba wanda ya gani. Fatsuma ma ban taɓa gaya mata ba. Mahaifinka ya mutu bai sani ba. To kai ina ka ji?

Ka san abin da ya faru bayan nan, don kana wurin. Na miƙe tsaye a gaban jama'ar unguwar Birni da ta Zango, da Nasara a kujerun gaba, na kira sunansa da ƙarfi. Sunan da ban taɓa kira ba tun ranar da aka raɗa masa shi. Mutane suka yi dariya, suka ɗauka cikin wasan ne. Sannan mamacin ya tashi, ya karkaɗe rigarsa, ya sunkuya, aka yi ta tafi. Na zagaya bayan zana na kama hannunsa, hannu mai ɗumi. Ashe Ado ne, tela a kasuwa. Ya ce in yi haƙuri, shi abin da Mushe Tahiru, kamar yadda suke kiran malamin lakwal, ya ba shi ya haddace. Na neme ka, kana tsaye da Nasara, ka ce mini gobe. Goben nan ce har yau ba ta waye ba. Kafin rani ya ƙare aka yi maka canjin aiki zuwa Yamai, ka tafi da malfar.

Da na dawo gida Fatsuma ta tare ni a ƙofa, ta ce an ce mata na ga yaron. Na ce na gan shi. Ta ce da rai ko babu. Na ce ya mutu a gabana, kuma ya tashi a gabana. Tun daga ranar ba mu zauna daidai ba. A da mun koyi zama da rashin sani, kamar yadda mutum ke koyon tafiya da ƙafar da ta karye ta ɗoru a karkace. Kai ka sake karya ta. In ina shuka gyaɗa, sai in ji sawu a bayana, wani yana rufe ramin da ƙafa kamar yadda yaron yake yi. In juya, kunyar gona ce kawai miƙe har gindin gawo. In na je Damagaram sai in tsinci kaina zaune a ƙetaren rumfar Ado, ina kallon kafaɗarsa ko za ta sauka. Yaron kirki ne, yana kawo mini ruwa, amma na ga ya fara jin tsorona. Na bi tsofaffin sojoji gida-gida, daga Mirriya har Garagumsa. Wani ya ce ya taɓa jin labarin soja mai gyaɗa, wani ya ce ai a naka wasan ya ji.

Samari masu boko sun gaya mini wai a teyatur ƙagawa ake yi, mutum ya zauna ya ƙirƙiro daga kansa. Ban yarda ba. Ta yaya mutum zai ƙaga abin da ya faru? Wani ya gaya maka. Wani ya tallafi kan yaron nan, ya ga gyaɗar da idonsa, ya dawo ƙasar nan, ya zauna da kai. Wannan mutumin ya san ƙasar da aka binne shi, ya san ko an fuskantar da shi gabas.

Ga abin da ya sa maganar ba za ta ƙara jira ba. Fatsuma tana so a yi masa sadaka da addu'a kafin ta cika, in ya mutu. In kuwa yana da rai a wani wuri, ta ce ba za ta kira wa ɗanta mutuwa da bakinta ba. Na tambayi Malam Suma'ila, ga shi nan zaune, ya ce shi ba zai yanke mutuwar mutum a kan shaidar wasa ba, sai an kawo wanda ya gani ko wanda ya ji daga wanda ya gani. Kullum in ta ji motsin mota a hanya sai ta ce a duba ko saƙon Tahiru ne. Ba na jin za ta ga girbin bana.

Kuma na ji labari wai za ku sake yin wasan a Yamai saboda bikin mulkin kai, a gaban manya. Wato za ku sake kwantar da shi, ku sake tashe shi, a yi muku tafi. Mutanen da ba su san shi ba za su ji kalmarsa ta ƙarshe, uwarsa kuwa ba ta san ko tasa ce ba.

Ka gaishe mini da Aisa matarka, da Fanta, da ɗan autan da ban gani ba tukuna. Larai da Tani suna gaishe ka. Zakari ya ce a gaya maka jakar da ka sani ta mutu. Fatsuma ta ce a gaishe ka, ta ce Allah Ya yi maka albarka, ni kuma na ce a rubuta haka don ita ta faɗa.

Ni dai amsa nake so, kuma ba ta da tsawo. In wani ya gaya maka, rubuto sunansa da garinsa, ko a Agadas yake zan je, ƙafata ba ta mutu ba. In kuwa daga kanka ka ƙaga, ka rubuta haka ƙarara, ka ce Baffa ni na ƙaga, zan ɗauka, zan shiga ɗaki in gaya mata da bakina. Amma sai ka faɗa mini wanda ya ba ka izinin kashe mini ɗa a gaban mutane. Motar Mala za ta taso daga Yamai farkon wata. Ka ba shi amsar, ka haɗa da malfar. Kada ka aiko da sukari, Tahiru. Ka amsa mini: wa ya ga gyaɗar?

Wassalam.

Baffanka,
Sule na Dogo