Ƙanina Ya Shekara Shida a Mari

Anti Baiwa, assalamu alaikum. Don Allah ki taimake ni da shawara, kuma ki sakaya sunana. Ni matar aure ce a Gaya, shekarata arba'in da bakwai, karatun allo na yi, ban taɓa kai kukana jarida ba.

Ƙanina Abdulmumin ya samu taɓin hankali shekara shida da suka wuce. Kafin nan ya sauke Alƙur'ani, yana nomansa, har salla yake ja a ƙofar gidanmu a Balan. Ranar da ciwon ya tashi ya fasa wa babban yayanmu, Yaya Maiwada, kai da fartanya. Tun ranar aka sa masa mari a ɗakin bayan rumbu. An yi rubutu, an yi hayaƙi, an yi ruƙiyya, shiru. Kwanonsa daban, ta ƙasan ƙofa ake tura masa. Ni ma in na je, sannu nake yi masa daga waje in wuce. Bara Inna ta rasu, ba a gaya masa ba. In ya tambaya sai a ce ta je Ajingi ganin gida. Da bakina na faɗa masa haka sau biyu, ni da nake gudun ƙarya ko ta wasa.

Abin da ya farkar da ni ma abin kunya ne. 'Yata Sadiyya tana kallon wani fim ɗin Turawa mai dogon zango a waya, irin na fassarar nan. Na masu shan jini ne, da wani mai rikiɗa ya zama kura in wata ya cika. Na sha yi mata faɗa a kai. Rannan ina tsintar shinkafa tana gefena, sai idona ya kai. Mai rikiɗar nan da kansa yake ɗaure kansa da sarƙa don kada ya cuci kowa. Da gari ya waye, abokan zamansa, su ma fa masu shan jinin ne, suka zo da makulli da riga da shayi. Suka kwance shi, suka zauna a ƙasa tare da shi. Shi kwana ɗaya a wata ke nan. Na bar shinkafar na shige ɗaki. Allah ya yafe min, daga baya sai da na kalli kashi tara.

Da na je Balan sunan jikar Yaya, na kasa riƙe bakina, na ce a gaban mutane dodannin fim sun fi mu tausayi. Yaya ya ce wadda take ɗauko fatawa daga fim ɗin mayu ba za ta koya masa zumunci ba, ni ina Gaya ƙarƙashin fanka, shi ke kwashe kashi da fitsari. Ya ce kada in ƙara taka masa gida. Yau wata biyu. Duk dangin da suka ci tuwon sunan babu wanda ya leƙa bayan rumbu. Ina jin haushinsu, amma na fi jin haushin kaina. Yaya zan yi in fito da bawan Allahn nan?

'Yar'uwarki daga Gaya.

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Batun kallo ki yi istigfari ki wuce, ba shi ne babban abin da ke gabanki ba.

Kina da gaskiya, mari ba magani ba ne. Amma Yayanki ma yana da tasa. Shi aka fasa wa kai, shi ya ɗauki jinyar shekara shida, sannan kika kwance masa zani a taronsa. Mai tsoro da gajiya ba ya jin wa'azi, hannu yake nema.

Ki samu kawunku ko wani babban da yake jin nauyinsa, ki je da maigidanki ki ba shi haƙuri. Kada ki ƙara ambaton fim. Ki je da abin da za ki ɗauka: ki ce a kai Abdulmumin asibitin masu taɓin hankali a Kano, ke za ki zauna jinya. Da yawa masu irin ciwon nan suna lafawa da magani, addu'a kuma ba a daina ba. Kada ki kwance shi ke kaɗai, ki nemi ma'aikacin lafiya ya fara ganinsa.

Rasuwar Inna haƙƙinsa ne ya sani, amma likita zai faɗa muku lokacin da ya dace. Kafin nan ki daina cewa Ajingi.

In Yaya ya ƙi, kada ki yi fushi ki zauna gida. Ki kai maganar gaban mai unguwa, ki sake komawa, ko a zaure za a tsayar da ke. Allah ya ba Abdulmumin lafiya, ya sanyaya zuciyar Yayanku, ke kuma ya ba ki juriyar jinya.

Anti Baiwa.