Ɗinkin da Mama ta yi wa lemar ceto

Roldanillo, Kolombiya

Yaya Dilcia,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya jikin Mama, ya yara? Ina fata kowa lafiya a Mérida. Ni ma lafiya lau, ƙafa ce kawai aka ɗaure min, wai sai bayan wata biyu zan taka.

Amma ke kam kin cuce ni. Ranar da zan taho, ban ce kada kowa ya taɓa jakar lemata ba, wadda nake tashi sama da mutane da ita? Kika ce, "Kai dai ka cika fitina, wa zai cinye maka ita?"

Ranar Talata na tashi sama da wata fasinja, iska ta murɗe lemar, igiyoyi suka sarƙe, muka yo ƙasa muna juyawa. Na fizgi lemar ceto, ƙaramar da ake ajiyewa don irin wannan rana, ta ƙi fita. Na sake fizga, shiru! Da na laluba sai na ji ɗinki. Ashe Mama ce ta ɗinke bakin aljihun lemar ceton da hoton Budurwa Maryamu. Na san ɗinkinta, na kuma san ba ta ganin kafar allura. Wa ya sa mata zaren, in ba ke ba?

Da wuƙa na yanke shi, lemar ta buɗe dab da ƙasa, muka faɗa gonar rake. Matar ko ƙwarzane ba ta yi ba. Maigidana a wurin aiki ya ce laifina ne da ban duba ba, kuma gaskiyarsa. Abin da ya fi ƙona min rai ke nan.

Ki aiko min da garin kofi na sha. Kuma kada ki kuskura ki gaya wa Mama. Idan ta ji labari, ki ce hoton ne ya cece ni.

Allah ya bar mu tare.

Ƙaninki,
Yorman