Gemun Gidaɗo da Gwangwani Biyu

Alƙahira

'Yata Mahasin ta sauka! Namiji ne, Ya'ƙub, namiji! Au, yi haƙuri. Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da zafin Aswan. Da hannuna nake rubuto maka, ban sha wahalar makarantar dare a banza ba.

Yaron ya zo kafin lokacinsa, yana cikin kwalba a asibiti. Na taso daga wurin gadina a unguwar Zamalek da dabino a aljihu, don in tauna in sa masa a baki kamar yadda aka yi mana. Mahasin ta dakatar da ni tun daga kan gado: "Baba, ma'alish, yi haƙuri, gemunka warin lofe yake. Likita ya ce ƙirjinsa bai yi ƙwari ba." Ta gilashi na gan shi.

To, ina neman shawara. Gwangwanin taba biyun nan da ka aiko min da Babbar Sallah, na zauna na gwada su. A ido kamar tagwaye suke. Ta jan murfi tana farawa da zaƙi irin na dabinon da ya soma ƙonewa, amma in ta kai gindin lofe sai ta yi ɗaci ta kankare maƙogwaro. Ta baƙin murfi ba ta da gaggawa, hayaƙinta da sanyi, ƙamshinta na jiƙaƙƙen katakon kwalekwale. Wacce ce ba ta kama tufa? Kai ka koya min masifar nan, kai za ka fid da ni.

Ka huta lafiya.
Taubashinka, Gidaɗo

Aswan

Zuwa ga bawana Gidaɗo,

Wa alaikumus salam. Barka da arziki, Allah ya raya, ya sa kada ya ɗauko hancinka.

Ganye ɗaya ne, malam. Ta jan murfin an jiƙa ta da ruwan rake, shi ke nan. Kamar ka tambaye ni tsakanin kura da kura mai kwalliya wacce za a bar wa akuya.

Ba ka taɓa tambayar kanka yadda aka yi marowaci irina ya kyautar da gwangwani biyu ko buɗewa bai yi ba? Tun azumi nake sallah a zaune. Daga ɗaki zuwa shago sai na tsaya na huta. Na hana mai ɗakina Amna ta gaya maka. Da ma ya kamata in zubar da su, sai na ji ba zan iya ba.

Na gaji. Ka gaida mai jego.
Ubangidanka, Ya'ƙub

Alƙahira

Ɗan'uwa, salamu alaikum. Allah ya ba ka lafiya, ya sa kaffara ne. Takardarka ta sanyaya min jiki.

Kafin ta iso na riga na yi wauta. Na sha ta jan murfi a farar jallabiya, ta baƙin murfi a ruwan toka, na ƙunso rigunan biyu na kai wa Mahasin ta zaɓa. Ta sansana wannan, ta sansana waccan, ta ce, "Baba, khalas, ya isa. Duk kai ne." Matar gadon kusa da ita har da riƙe ciki don dariya.

Na ba direban maigidana gwangwanayen. Lofen yana bakina ba wuta, ina tsotsar iska kamar jariri. Kaina ciwo, abinci ba daɗi, jiya har faɗa na yi da mai tasi a kan ya yi hon. Ban san ko zan iya ba. Tsufa da gadi da wannan, sun yi min yawa.

Ka riƙa shan magani, don Allah.
Gidaɗo

Alƙahira

An sallame shi! Salamu alaikum. Mahasin ta jawo gemuna ta sansana, sannan ta ɗora min shi a cinya. Na tauna dabinon, ya lashe har yana kama min yatsa. Ya'ƙub, kan yaron nan yana da wani ƙamshi, kuma hancina ya ji shi!

Sunanka aka sa masa, ban da zaɓi. Ka hau jirgin ƙasa a hankali, zan zo tasha da kujera. Ka taho da Amna da yara da duk wanda ya ga dama. Ku zo ku gan shi.

Bawanka, na yau kaɗai,
Gidaɗo