Ƙuri'ar da Za Ta Iya Raba Ni da Muryar Ƙanena

Malam, don Allah ka taimake ni da shawara, kaina ya ɗaure.

Ni ma'aikaciyar kantin magani ce. Ƙane ɗaya gare ni, ni na goya shi bayan rasuwar mahaifiyarmu. Aiki ya kai shi nesa, kuma tun da ya tafi wayarmu ba ta wuce ya gida, ya aiki. Ba faɗa muka yi ba, hirar ce kawai ta ƙafe.

Shi ya shigar da ni wata ƙungiyar kirifto, wato kuɗin intanet, irin wadda ba ta da shugaba, komai sai an jefa ƙuri'a. Ƙungiyar tana raba sulallanta na intanet ga masu yi mata hidima, kamar amsa tambayoyin sababbin shiga. Duk mako ana taro ta murya. Ni ba na cewa uffan. Nakan jingina wayar a bayan kwalaben maganin tari, ina jin sa yana gardama, yana dariyar nan tasa mai kama da shaƙuwa, har in manta mai saye na tsaye. Can kaɗai nake samun ƙanena yadda na san shi.

Yanzu wa'adin rabon ya cika, ana muhawara ko a tsawaita. Gaskiya baitulmalin ƙungiyar ya kusa ƙarewa, kuma da yawa daga masu karɓa 'yan ci-rani ne, su karɓa su sayar, darajar sulallan tana ta zubewa. Hankalina ya ce a tsaya haka. Amma shi ya faɗa a taro cewa in aka daina ya yi gaba, ba zai yi aikin banza ba. Ni kuwa ban taɓa sayar da nawa ba, kuma a wajenmu nauyin ƙuri'a gwargwadon abin da ka tara ne, don haka tawa na iya karkata sakamakon. Ba a kuma ɓoye ƙuri'a, zai ga abin da na zaɓa. Idan ya fita, ina zan ƙara jin sa haka?

Daga Yayar Wani

Amsa:

'Yar'uwa, na karanta tarihin dauloli da dama da suka tsiyace, amma yau na fara jin baitulmalin da dariyar ƙane ke shirin karyawa. Ni kuɗin da ba ya ƙara a aljihu ban gama yarda da shi ba, sai dai matsalarki ta girmi kirifto nesa ba kusa ba.

Masu son a ci gaba ba wawaye ba ne. Ƙanenki lokacinsa yake bayarwa, kuma in aka datse rabo kwatsam, masu aikin kirki ne ke fara tattara komatsansu. Masu son a daina su ma da hujjarsu: kasuwar da sai an biya mutane kafin su ci ta, ran da biya ya ƙare ake sanin ko kasuwa ce. Ki buɗe bakin nan naki a taro, ki nemi a rage rabon, a ɗan ƙara wa'adi, a riƙa ba wanda aikinsa ya fito fili. In an ƙi, ki bi abin da hankalinki ya gaya miki. Ba a maganin kewa da dukiyar jama'a.

Amma kafin ki jefa ƙuri'ar, ki kira shi. Kada ya tsinci zaɓinki a allo kamar na baƙuwa. Ki faɗa masa dalilinki, sannan ki faɗa masa abin da kika faɗa mini, ni da ban san kalar fuskarsa ba. Ƙanne ba bokaye ba ne. Watakila a zatonsa yayarsa ce ba ta da lokacinsa. Zai iya yin fushi, zai iya barin ƙungiyar, amma babu ƙuri'ar da ke tsige mutum daga matsayin yaya.

Allah ya daidaita tsakaninku, ya sa ki ji muryarsa ba tare da taron jama'a na saurare ba.