Muryar Baba daga cikin rijiya

Gaya, daren Laraba

Kwana uku ke nan ina fama da kaset ɗin marigayi Baba, wanda ya aiko mana shekarar da ya yi a Kwatano. Na juye shi a ordinatar, wato na'urar kwamfuta, don kada zaren ya tsinke mu yi asararsa. Da na kunna wa Inna shekaranjiya, sai ta kau da kai. "Kashe, Hamidu. Wannan ba mahaifinka ba ne, wani ne yake magana daga cikin rijiya."

Abin ya ci min rai. Mai gyaran da na sani yana Malanbil, ƙetaren iyaka, ga gada a rufe tun da sojoji suka hau mulki.

Yau bayan isha'i na zauna na bi na'urar lungu-lungu. Ashe wanda ya sayar min da ita makiɗin biki ne. Ya saka nasa egalizar, wato abin daidaita sauti, mai ƙara rugugin ganga da amsa-kuwwa, ga kuma na ordinatar ɗin yana aiki a kansa. Su biyu suna ta jan muryar Baba, ni kuwa ina zagin kaset! Na kashe duka biyun.

Har yanzu akwai 'yar shuuu a ƙasa, gobe zan gwada rage ta.

Na kunna a hankali, don na zaci Inna ta yi barci. Baba ya yi gyaran murya irin tasa, ya ce, "Hadiza, kina ji na?"

Daga ɗakinta na ji ta ce, "Na'am, Malam."