Ƙoƙo Biyu a Kan Darduma

Al Khabaisi, Dubai
6 ga Satumba

Zuwa ga Gwaggona Sauda,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kina lafiya, ciwon gwiwar nan ya yi sauƙi. Yaya mutanen Tungar Gidaɗo, yaya kuma haƙurin abin da ya same mu? Ina gaida Malam Idris liman da zai karanta miki takardar nan, tunda har yau kin ce muryar waya iska ce, takarda ita ce magana.

Saƙonki ya iso ta hannun wani ɗan kasuwar Kano da muke yi wa lodin kaya. Na ji cewa ambaliya ta cinye gona, ta kwashe rumbu, ko ƙwaya ɗaya ta dawarmu Jar Gidaɗo ba ta tsira ba, maƙwabta kuma duk sun daɗe da komawa irin kamfani. Wallahi Gwaggo raina ya ɓaci. Matata Mahfuza 'yar birni ce, ta kasa gane yadda namiji zai ƙi cin abinci saboda dawa. Sai da na zaunar da ita na ba ta labari: yadda mahaifinki Gidaɗo da ƙanensa Ɗanladi suka sare dajin da babu kowa sai birai, suka shuka wannan jar dawa, yadda Ɗanladi ya tafi Makka da ƙafa, ya yada zango a Sudan, ya sari nasa dajin a can, da yadda gidajen biyu suka yi shekara sittin suna aika wa juna takarda da damƙin iri ta hannun alhazai.

Kin ce 'yar Ɗanladi, Halimatus Sa'adiya, ta gudo daga yaƙin Sudan, tana Dubai wajen ɗanta, in neme ta. Gwaggo, Dubai ba Tunga ba ce da za a tsaya a bakin rijiya a tambaya. Halima uku na samo zuwa yanzu. Ɗaya 'yar Maraɗi ce mai sayar da turare a Al Buteen, ɗaya yarinya ce ɗaliba, ta ukun kuma ta amsa cewa ita ce tun ban gama faɗin sunan ba, sai da na tambaye ta sunan ubanta ta fara duban silin.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne ƙoƙon da kika haɗo da takardar. Na juya shi, na girgiza, babu komai a ciki. Kin ce in na same ta in ajiye shi a gabanta, kada in buɗe baki in roƙi iri, domin a gidanmu ba a roƙon iri da baki. To in ban faɗa ba, ta yaya za ta san abin da ya kawo ni? Zan dai yi yadda kika ce.

Maganar ƙullin da kika ba ni ranar da zan taho, shekara huɗu ke nan, wanda kika tambaya ko yana nan, za mu yi ta a wata takardar.

Mahfuza tana gaishe ki ƙwarai. Allah Ya mayar da alheri.

Ɗanki,
Bashar

Al Khabaisi, Dubai
24 ga Satumba

Gwaggona,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau, da fatan kin tashi lafiya, da duk wanda ke ƙarƙashin inuwarki.

Na same ta. Wani mai shayi ɗan Sudan ne ya haɗa ni da ɗanta Izzuddeen, yana aiki a kantin magani. Suna zaune a Al Karama, hawa na huɗu, ɗaki biyu su bakwai. Ko da ba a faɗa mini ba da na gane ta, domin goshinki ne da ita, har yadda kike karkatar da kai in kina sauraro. Hausarta ta mutanen da ce, gauraye da Larabci. Ta kira ni jikan Gidaɗo, ta riƙe hannuna tana kuka, ta tambayi labarin tsamiyar ƙofar gida da ba ta taɓa gani ba sai a bakin ubanta.

Bayan an sha shayi na fito da ƙoƙon, na ajiye a gabanta a kan darduma, na yi shiru kamar yadda kika ce. Ta dube shi ta daɗe. Sai ta tashi ta shiga ɗaki, na ce a raina khalas, aiki ya ƙare. Ta fito da wani ƙoƙo, tsoho, baƙi, an ɗinke tsagarsa da zare, ta ajiye kusa da namu. Na leƙa, shi ma babu komai.

Gwaggo, nan fa kaina ya kulle. Ita ta yi shiru, ni na yi shiru, ƙoƙo biyu suna kallonmu. Na ɗauka ruwa za a zuba, ba a zuba ba. Na ɗauka wata addu'a ake jira, na karanta Fatiha, ta shafa, ta ci gaba da kallona. Izzuddeen ya tafi aiki, balle in yi masa ido. Da zaman ya yi tsawo sai na ce a raina wataƙila musaya ake yi, irin ta zumunci. Na ɗauki nata na sa a jaka, na bar mata namu. Ina ɗaukarsa sai fuskarta ta washe, ta yi ta sa mini albarka, ta rako ni har bakin lif tana cewa shwaiya-shwaiya, ba gaggawa.

To in ba gaggawa, yaushe za ta ba ni irin? Na koma sau biyu. Kullum sai ta fara duban hannuna kafin fuskata, ni kuma ina duban ƙofar ɗakinta. Mahfuza ta ce mu biyun kamar kurame a kasuwa. Don Allah ki sa Malam Idris ya rubuto mini ma'anar ƙoƙo na biyu, domin ba ki gaya mini ana yin biyu ba.

Ki huta lafiya.

Ɗanki da kansa ya ɗaure,
Bashar

Al Khabaisi, Dubai
20 ga Oktoba

Gwaggona Sauda,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina fata kina cikin ƙoshin lafiya. Amsarki ba ta iso ba tukuna, amma na riga na samu amsar, kuma ba mai daɗi ba ce.

Da na gaji sai na karya dokar gida, na tare Izzuddeen a kantinsu na tambaye shi gaba da gaba. Ya riƙe baki. Ashe gonarsu ta ƙone a yaƙin, da rumbunan duka. Gwaggo Halima ba ta fito da komai ba sai kayan jikinta da ƙoƙon ubanta. Shekara biyu tana cigiyar mutanen Tunga domin a aiko mata da iri, ta tafi da shi Sudan ranar da za su koma. Da ta ga ƙoƙonmu, cewa ta yi na nuna mata shaidar gida ne, bai zo mata a rai ba cewa uwar gona ta Tunga za ta rasa iri. Ni kuma da na ɗauki nata, a al'adar gidanmu na yi alkawarin dawo da shi cike. Abin da take duba a hannuna ke nan.

Yanzu sai maganar ƙulli, wadda na yi ta kewaye-kewaye a kanta. Gwaggo, mun sha shi. Watanmu na farko a garin nan, Mahfuza tana laulayi, ba abin da ke zama a cikinta, ni kuma kewar gida ta ishe ni. Na kwance ƙullin, na wanke tokar da aka adana dawar da ita, muka niƙa a injin markaɗe muka dama kunu. Na san kin ce duk ɗan gidan da zai yi nisa da iri yake tafiya, amma na ɗauka maganar tsofaffi ce kawai. Ina ni ina gona a garin da ko ciyawa da famfo ake ba ta ruwa? Na ce ai rumbu yana nan a gida. Kunya ce ta hana ni faɗa miki, kuma har yanzu ina jin ta.

Ranar da na dawo daga wurin Izzuddeen na kasa zaune na kasa tsaye. Mahfuza ce ta tuna ba ta yar da tsumman ƙullin ba, yana ƙasan akwati ta naɗe 'yan kunnenta da shi. Muka warware ɗinkin bakinsa da reza a kan faranti. Ƙwaya goma sha ɗaya suka faɗo, jajaye, da sauran toka a jikinsu.

Na zuba su a ƙoƙon Gwaggo Halima, ko gindinsa ba su rufe ba. Na kai mata, na gaya mata gaskiya duka, da ambaliyar da kunun. Na yi zaton za ta yi faɗa ko ta yi kuka. Ƙirga su ta yi da ɗan yatsa, sau biyu, sannan ta tambaya ko kunun ya zauna a cikin Mahfuza. Na ce ya zauna. Ta ce to bai tafi a banza ba. Daga nan ta aike ni neman bokitan fenti da ƙasa da takin raƙumi, ni da ban san inda ake sayar da ƙasa ba.

Mun shuka a barandarsu ranar Juma'a. Kwana biyar babu labari, na fara cewa iri mai shekara huɗu ai ya mutu. Ran na shida uku suka tsaga ƙasa, washegari ɗaya ta biyo. Sauran bakwai har yau shiru.

Huɗu ke nan, Gwaggo. Duk Jar Gidaɗo da ta rage a duniya, iyakar saninmu, tana cikin bokiti huɗu a hawa na huɗu, ga tantabarun unguwar sun fi ɓarayi naci. Ban sani ba ko za ta yi kai a wannan iska, Gwaggo Halima ma ta ce ba ta taɓa noma a sama ba. Mun raba aiki: ita da safe, ni in na tashi daga wurin lodi. Ni da na gudo daga Tunga don kada in yi tsaron tsuntsu, ga ni da gwangwani da tsakuwa ina kaɗawa, Indiyawan da ke maƙwabtaka da su suna leƙe.

Ta ce in gaya miki biyu naki ne, biyu nata, kuma ba za a taɓa ko ƙwaya ba sai an cika ƙoƙonki tukuna, domin ke ce babba. Ƙoƙunan suna nan a kan tagarta, a kife, suna jira.

Ki sa a gyara fegin nan na bayan tsamiya, inda ruwa ba ya kwanciya. Ki yi mana addu'a. Kuma ki yafe mini kunun.

Ɗanki,
Bashar