Ruwan Talata da Laraba: Wasiƙa ga Alhaji Nafi'u

Zuwa ga Alhaji Nafi'u, Daraktan Hulɗa da Jama'a na kamfanin iri da taki mai gonar gwaji a bakin kanal ɗinmu, kuma Shugaban Ƙungiyar Ci Gaban garinmu.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, da fatan kana lafiya kai da iyali. Ni ne Garba Mai Makulli, ko in ce wanda ake kira haka har zuwa watan jiya. Shekara goma sha ɗaya makullin ƙofar ruwa ta ɓangarenmu, nan ƙasar Bunkure, yana aljihuna. Sau biyu ina zuwa ofishinka a Kano ana ce mini kana mitin. Tun da a bainar jama'a ka yi maganata, ni ma na kawo tawa inda jama'a za su gani.

Ba zan tauye maka komai ba. Na san ka tun kana karanta sanarwar ɗaurin aure da ta rasuwa a rediyo, muna jin muryarka mu ce ga ɗan Malam Sule nan. Ka yi aikin jarida, ka zama mai magana da yawun manya. Kai ka tattaro tsofaffin ɗalibai aka yi wa firamarenmu rufi. Kai ka kawo likitocin ido, uwargidana ma tana cikin waɗanda aka cire wa yana. Duk wannan gaskiya ne, kuma shi ne ya ci ni.

Ga abin da ya faru:

1. Tsarinmu ka san shi, a cikinsa ka tashi. In ruwa ya yi ƙaranci da rani, kwana ake rabawa. Talata da Laraba na mutanen ƙarshen kanal ne, waɗanda ruwa ke isa gare su da ƙyar. Ko ƙanena uwa ɗaya uba ɗaya ban taɓa ɗibar masa awa guda daga kwanansu ba.

2. A ranin bana, wata Litinin bayan la'asar, ka zo zaurena, ka tuɓe takalmi, ka zauna a tabarma. Ka ce baƙi da 'yan jarida za su zo ranar Laraba ganin gonar gwaji, ana so a tarar da ita koriya shar, ruwa na gudu a kwamin shuka don ɗaukar hoto. Na ce kwanan na mutanen ƙarshe ne, kuma ba su daɗe da dashen tumatir ba. Ka ce ka riga ka yi magana da su, kuma da safe kamfani zai kai musu injinan ban ruwa su ja daga rijiyoyinsu. Na juya ruwan.

3. Injin ko ɗaya bai je ba. Magana kuma babu wanda ka yi da shi. Dashe ba ya jiran mako, rana ta ƙone shi a tsaye. Wanda abin ya fi shafa shi ne Malam Idi, maƙwabcina, wanda ya dasa gonarsa duka a makon nan, irin kuma ba shi da wani a ajiye. Ranin bana ya wuce shi ke nan. Gonarku dai ta yi kyau a talabijin, na gani da idona.

4. Da manoma suka kai kuka gidan rediyo, ka fito ka ce kamfani ba shi da hannu a rabon ruwa, mai riƙe da makulli ne ya saɓa tsari. Na saurara sau biyu, ban kama ka da ƙarya ko ɗaya ba. Kamfani ba ya raba ruwa, ni kuma na saɓa tsari. Zaman da ka yi a zaurena kawai ka cire. Lalle ka iya sana'arka.

Nawa laifin ban ɓoye shi ba. Daga gidana zuwa na Malam Idi taku kaɗan ne, da na leƙa na tambaye shi, da an huta. Ban leƙa ba, saboda na ga ɗan Malam Sule ne, wanda ya buɗe wa matata ido. Na faɗi haka a gaban ƙungiyar manoma, na ajiye musu makullinsu. Sai dai abin da ke yawo a gari shi ne sayar da ruwan na yi, don babu mai yarda dattijo kamata ya yi wannan aika-aika a kyauta. Kai da Allah kuka san ko goro ban karɓa ba.

Shekara arba'in muna sahu ɗaya da Malam Idi a masallaci. Yanzu ya koma can gefen taga. In na yi masa sallama yana amsawa, don wajibi ce, amma ko "ina gajiya" ba ya ɗorawa. Wannan ya fi rasa makullin yi mini ciwo.

Buƙatuna biyu ne. Na farko, kamfani ya dubi mutanen ƙarshen kanal da iri da taki kafin damina ta faɗi. Na biyu, ka zo garin nan ranar Juma'a, ba da takardar sanarwa ba, ba da 'yan jarida ba. Bayan an idar da salla ka tsaya inda ka saba tsayawa in kana neman gudummawar ƙungiya, ka faɗi abin da ka ce mini ranar Litinin ɗin nan, yadda ka faɗe shi. Makullin ba na son a mayar mini, wanda aka ba yana riƙe da shi da kyau.

Allah ya ƙara maka ɗaukaka a aikinka, ya jiƙan Malam Sule, ya shirya maka zuri'a. Allah kuma ya kiyashe ka da ganin ranar da mutanen garinku za su amsa maka sallama don kawai wajibi ce.

Wassalam.

Garba, tsohon mai makulli
Ƙasar Bunkure, Jihar Kano